Direban da ya zagaya da mu Alkahira ni da Baba, ga yadda ta kasance

Ɗaliban da iyayensu za su zo Masar suna ta tambayata ko ɗaukar direba mai mota na wuni guda ya ci kuɗinsa, to gaskiya in da dattijo za ka fita ya ci, amma fa kai za ka riƙe linzamin tafiyar ba shi ba. Namu ta wani ofishin yawon buɗe ido na same shi, ya zo unguwar Hayyul Ashir ya ɗauke mu bayan asuba, mota tsaf, AC na aiki, ga ladabi, "ya Hajj" kawai yake ce wa Baba yana buɗe masa ƙofa.

Giza muka fara kafin rana ta buɗe, kuma shawararsa ce, ya kyauta. Baba ya daɗe tsaye gaban dalar Fir'auna Khufu, wadda asalin tsayinta kusan mita 146 ne, ya ce yanzu dan Allah mutane ne suka ɗora duwatsun nan? Shiga ciki kam direban ya hana, wai hanyar a sunkuye ake hawanta, mai ciwon gwiwa ba zai iya ba. Masu raƙuma da dawaki da suka yo mana ca shi ya kore su da Larabcinsu, nan kaɗai ma ya rage mana asara.

Inda muka saɓa shi ne shaguna. Daga Giza sai ga mu ƙofar wani shagon turare ba wanda ya ce a je, an kawo shayi an zazzaunar da mu, Baba kuma kun san kunyar dattawanmu, tunda ya sha shayin mutane sai da ya sayi kwalba. Kamasho direban yake samu, kowa ya sani. Da ya nufi na biyu na ce a'a malam, masallatai muka zo gani.

Masallacin Sultan Hassan ne ya fi tafiya da Baba, ginin da aka fara 1356, kowace mazhaba cikin huɗun nan da makarantarta a ciki, sai da ya sa aka nuna masa ɓangaren Malikiyya ya zauna ya ƙi tashi, yana ta ba direban labarin malamansa na Zariya ni ina fassara. Azahar muka yi a Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa 970, ga Baba da shekara da shekaru sunan kawai yake ji wajen karatu. Muka leƙa masallacin Husaini, Khan Khalili kuwa bakin kasuwar kawai muka tsaya saboda cunkoso, sannan kabarin Imamu Shafi'i. Ƙal'ar Salahuddin, wato tsohon sansaninsa mai ganuwa, muka bari, akwai hawa kuma ƙafar Baba ta fara kumbura.

Mai son ganin gawar Fir'auna Ramsis na biyu ya ce a kai shi gidan tarihin Fusɗaɗ, can aka mayar da gawawwakin sarakunan tun 2021, kar direba ya kai ku tsohon gidan tarihin da ke Tahrir. Ku riƙe katin banki don tikiti, da canji na masu ajiyar takalma. Ku rubuta wuraren da kuke so a WhatsApp tun kafin ku biya, ku ƙara da cewa ba shago. Zan sake ɗaukarsa in Hajiya ta zo, amma da wannan sharaɗin.