Buga littafi ko sakin shi a waya: amsa ga ƙanwarmu

Ƙanwata da kika yi tambaya jiya da daddare, kin ce kin gama labarinki na farko, kina ta wasiwasi ko ki tara kuɗi ki kai shi Kano a buga ko ki buɗe group ki fara sakin shi a waya. Na yi duka biyun, bari in gaya maki yadda na same su.

Bugawa dai kuɗi ne tun daga ranar farko. Mai typing, mai zanen bango, maɗaba'a, ga lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da ake karɓa wurin National Library in kina so littafinki ya shiga sahu. Kuma tun 2023 da aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tashin gwauron zabi, tunda mafi yawanta daga waje ake shigowa da ita. In an buga kuma ke za ki ɗauko kwalayenki daga Kano ki bi masu shago kina ajiye masu, su ce sai an saida a ba ki. Akwai wanda na ajiye ma guda hamsin nan cikin gari, wata huɗu ina zarya a Napep daga Ƙofar Ƙaura ta nan Katsina, kuɗin motar kaɗai sun kusa cinye ribar. Lokacin da masu saida littafi na Bata ta Sabon Garin Kano ke rububin sabon labari, masu haya na ba da shi gida gida, wannan kasuwar ta ja baya sosai.

Amma takarda ta ba ni natsuwa. Na gama labarin na ajiye shi wata biyu, na dawo na bi shi da jan biro, na cire babi guda cur da na ga ba ya da aiki. Ranar da na kai ma Baba kwafi ya sa tabarau ya karanta sunana a bango, ya juya bayan littafin ya sake juyowa, sai ya ce "Allah Ya yi albarka" ya sa shi cikin akwatin da yake ajiye takardun gona. Har gobe ba alert ɗin da ya yi mani daɗi kamar wannan.

Waya kuwa jarinki data ne da caji. Ki saki free pages, in labari ya ɗauki zafi ki ce daga nan na kuɗi ne, ɗari biyar, a tura ta Opay a turo shaida ki sa mutum a paid group. Kuɗin na shigowa kaɗan kaɗan amma suna cefane, kuma za ki ga masu karatu daga Maraɗi, Yamai har Saudiyya, inda littafin takarda ba zai kai da wuri ba.

Sai dai wallahi waya na cin mutum. Kullum sai update, kwana ɗaya in ba ki saki ba za ki tarar da saƙo tuli "Aunty lafiya kuwa shiru", ni bayan isha'i nike typing in yara sun yi barci, ba wuta, waya a jone da power bank, babban yatsa har ya yi tsami. Abin da ya fi damuna shi ne comments na juya labari. Na taɓa tsara miji da mata su rabu a ƙarshen wani labari, masu karatu suka yi ta magiya har na maida auren, kuma har yau in na karanta wurin sai in ji ba nawa ba ne. Ga sata, mutum ɗaya ya biya ya watsa a group goma, a haɗa shi document, wani ya karanta a YouTube ba sallama. Ki riƙa ajiye kwafinki a email, don ko Okadabooks, manhajar saida littattafai da muka saba da ita, an rufe ta a 2023.

Ni shawarata, tunda naki a gama yake ki fara da waya, amma ki saki shi yadda kika rubuta, kar wani comment ya sa ki taɓa ƙarshen. Abin da ya shigo ki ware rabi ki ɓoye, in ya taru ki buga ko guda ɗari ne, na makarantu da 'yan uwa da na ajiyarki.

Ki turo mani shafi uku na farko ta private in duba maki kafin ki buɗe group ɗin.