Kafin ku sayi manhajar taron bitar kasuwanci

Abin da ya fi kashe taron bita na wata-wata shi ne gardama kan alƙaluma: manajan kasuwa ya zo da nasa adadi, akanta ya zo da nasa, rabin lokaci ya tafi a musu. Don haka duk abin da za ku saya, ku fara tambaya: zai sa kowa ya shigo ɗakin taro da adadi iri ɗaya?

Ga ƙaramin kamfani, Excel ko Google Sheets sun wadatar. Shafi ɗaya, ma'aunai 8 zuwa 12, kowanne da sunan mai alhakinsa, da abin da aka yi niyya, da abin da aka samu, sai alamar ja in an gaza, ko kore in an cimma. Matsalar Excel ita ce kowa yakan kwafi nasa fayil ya gyara; Sheets ya fi a nan, tunda fayil ɗaya ake shiga. A rufe shigar da alƙaluma kwana biyu kafin taro.

Power BI da Looker Studio, manhajojin nuna alƙaluma a allo, suna janyo bayanai kai tsaye daga inda aka adana su. Looker Studio kyauta ne. Power BI Desktop ma haka, amma rabawa abokan aiki sai da lasisi, kowane mutum, kowane wata, kuma farashin da dala yake, ku lissafa da kyau. Kada ku saya in ba ku da mai kula da shi, domin idan bayanan tushe gurɓatattu ne, allon zai nuna kuskuren cikin launi mai kyau, mutane su yarda.

Manhajojin OKR, wato tsarin tsayar da buri da auna sakamakonsa, su ne aka fi saya da gaggawa. Andy Grove ya ƙirƙiro tsarin a Intel, John Doerr ya kai shi Google a 1999: buri uku zuwa biyar duk wata uku, kowanne da sakamakon da ake iya aunawa. Tsarin yana ɗaure taro da manufar kamfani sosai, amma manhaja ba za ta zaɓa muku buri ba. Ku gwada shi wata shida a Sheets tukuna.

Ko wanne kuka ɗauka, kada ma'aunan su tsaya kan ciniki da riba, domin waɗannan labarin abin da ya riga ya wuce ne. Ku haɗa da abin da za a iya gyarawa a makon nan: kwanakin da kaya ke yi a sito, bashin da ya haura kwana 30, odar da aka kai a makare. A taron minti 90, minti 15 sun isa duba alƙaluma. Sauran a ba ma'aunan da suka yi ja, kuma duk shawarar da aka yanke a rubuta wanda zai aiwatar da ranar da zai gama.