Sharhi kan Fharlanghn, majiɓincin matafiya a littafin 'yan wasan Dungeons & Dragons

Littafin Player's Handbook da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a watan Agusta na 2014 shi ne ya buɗe ƙofar shiga bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fara wallafawa a Amurka a 1974. Littafi ne mai shafuka 320 da bango mai kauri, kuma dala 49.95 aka sa masa lokacin da ya shiga kasuwa. Ga wanda bai san wasan ba, mutane kaɗan ne ke zama a teburi ɗaya, kowa ya ƙirƙiri jarumin da zai wakilta, ɗaya daga cikinsu ya zama jagora mai bayyana duniyar labarin, sannan a jefa ɗan lido mai fuska 20 domin a san ko abin da jarumi ya nufa ya yiwu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda littafin ya yi da Fharlanghn, abin bauta na ƙage wanda marubutan wasan suka tsara a matsayin majiɓincin matafiya a duniyar Greyhawk, domin a ganina yana cikin mafi kyawun abubuwan da aka taɓa ƙirƙira wa wannan wasa, amma wannan bugun bai ba shi haƙƙinsa ba.

Gygax ne ya gabatar da shi dalla-dalla a mujallar Dragon a 1982, sannan ya shiga kundin World of Greyhawk na 1983. An siffanta shi da kamannin dattijo mai tamojin fuska wanda rana da iska suka dafa fatarsa, idanunsa kore shar, tufafinsa na talaka, hannunsa riƙe da sanda. Alamarsa faifai ce da aka ratsa da lanƙwasasshen layi, wato inda sama ke haɗuwa da ƙasa a idon mai tafiya. Ɗan'uwansa Celestian shi aka ba taurari da sararin samaniya, shi kuwa aka bar masa hanyoyi da nisan zango. Babban abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne ba ya zaune a wata fada da ke can wata duniyar daban. A doron ƙasar da jarumai ke takawa yake yawo. Wannan hikima ce babba ta fuskar tsara wasa, domin jagora ba ya buƙatar wani gagarumin shiri kafin ya shigo da shi labari. Duk tsohon da aka tarar a mararraba yana iya zama shi, yana kuma iya zama tsoho kawai.

Na ga amfanin wannan a teburinmu. Jarumai sun iso bakin wata gada da ruwa ya cinye, suka tarar da dattijo yana ɗinkin takalminsa kusa da wani ɗan tarin duwatsu mai alamar faifai a kai. Ya roƙi ruwan sha, ɗaya daga cikin 'yan wasan ya ce jaruminsa ya miƙa masa gorarsa, dattijon ya sha, ya nuna musu mashigi a ƙasan kogin, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ban faɗi ko wane ne ba, ba a kuma jefa ɗan lido ko sau ɗaya ba, amma daga wannan zama 'yan wasan suka daina wuce baƙo a hanya ba tare da sun tsaya sun gaisa da shi ba, har suka riƙa gardama a tsakaninsu kan ko shi ne ko ba shi ba ne. Tafiya daga gari zuwa gari, wadda sau da yawa ake taƙaitawa da cewa kwana uku sun wuce an isa lafiya, ta zama wani ɓangare na labarin da suke ɗokin kaiwa.

Haka kuma tsoffin littattafan sun ba masu yi masa hidima aikin yi na zahiri. Akwai masu sanye da ruwan ƙasa da ke zaune a birane suna kula da ƙananan wuraren bautarsa, akwai masu sanye da kore da ke yawo ba sa daɗewa a wuri ɗaya. Suna raka ayari, suna yin tafinta tsakanin al'ummomi, suna taimakawa wajen gina hanyoyi da gadoji. Ɗan wasan da ya zaɓi irin wannan jarumi ya riga ya sami dalilin barin gida da dalilin bin abokan tafiya, wanda shi ne abu na farko da sababbin 'yan wasa ke rasa amsarsa idan jagora ya tambaye su.

To, me littafin 2014 ya ba mai saye daga cikin wannan duka? Layi ɗaya ne tak a cikin jadawali, a rataye na biyu da ke ƙarshen littafin. An rubuta sunansa, an ce nasa ne tafiya da mahaɗar sama da ƙasa, an sa shi a ɓangaren masu kirki na tsaka-tsaki, an faɗi alamarsa, shi ke nan. Babu dattijo, babu sanda, babu kore da ruwan ƙasa. Ana iya yi wa marubutan uzuri, tunda jadawalin ya tara gumakan duniyoyi da yawa, har da na tsoffin Girkawa da Misirawa, kuma wuri ba zai isa ba. Abin da ba na yi musu uzuri a kai shi ne fannonin da suka haɗa shi da su.

A wannan littafin, jarumi na rukunin Cleric, wato mai yi wa abin bauta hidima wanda ke samun sihiri daga gare shi, yana zaɓar fanni ɗaya cikin bakwai: ilimi, rayuwa, haske, halittun daji, guguwa, yaudara da yaƙi. Babu fannin tafiya ko kaɗan, saboda haka aka jingina Fharlanghn da ilimi da yaudara. Na ilimi yana da ɗan kama hankali, domin yana ba jarumi ƙarin harsuna biyu, abin da ya dace da tafinta. Na yaudara kuwa ya yi hannun riga da halinsa. Gaskiya ne akwai sihirin wucewa ba tare da barin sawu ba da na tsallake nisa a cikinsa, amma sauran galibi na ɓad-da-kama ne da juya tunanin mutane, kuma idan jarumi ya kai mataki na 8 sai makaminsa ya fara ɗauke da dafi. Mai rakiyar ayari wanda mutane ke ba amanar rayukansu a daji ba shi da abin da ya haɗa shi da dafi. Bugu na uku da ya fito a 2000 ya fi fahimtar lamarin, domin ya sa Fharlanghn cikin manyan sunayen da kowane ɗan wasa ke gani tun a babin zaɓen jarumi, ya ba shi fannonin sa'a da kariya da tafiya, kuma fannin tafiyar ya ƙunshi sihirin tashi sama da na gano hanya da na ɓacewa a bayyana a wani wuri, tare da ikon kuɓuta daga duk sihirin da ke ɗaure ƙafa.

Abin ya fi ba da takaici idan aka duba cewa littafin na 2014 yana da ƙa'idojin tafiya masu kyau. Tafiyar yau da kullum mil 24 ce a yini, ta sauri mil 30, ta a-hankali mil 18, kuma wanda ya wuce awa 8 yana tafiya sai ya jefa ɗan lido a kan juriyar jikinsa ko gajiya ta kama shi. Ga ƙa'idoji a babi na 8, ga majiɓincin matafiya a ƙarshen littafi, amma babu zaren da ya ɗinke su. Da an ba mabiyinsa ko da ikon rage wa abokan tafiya gajiya ne, da kowa a teburi ya ji amfaninsa a jikin jaruminsa. Kamfanin Paizo ya fi kyautata wa Desna, takwararsa a wasan Pathfinder mai alamar malam-buɗe-littafi, wadda aka bar mata fannin tafiya da na sa'a tun littafin farko na 2009.

Littafin kansa ya cancanci kuɗinsa ga duk mai son bugu na biyar. Ƙa'idojinsa a bayyane suke, zane-zanensa kuma suna da kyau. Amma wanda Fharlanghn ne ya ja hankalinsa sai ya haɗa da Deities and Demigods na 2002, inda aka yi masa cikakken bayani, ya zaɓi fannin ilimi maimakon na yaudara, sannan ya zauna da jagoransa tun kafin a fara wasa su amince a musanya wasu daga cikin sihirin fannin da na tafiya.