Sharhi kan namedtuple na Python: sunayen sun yi, amma tuple ne a ƙasa

Idan fankshin ya dawo da ƙimomi uku a tuple (jerin ƙimomi da ake ɗauka da lambar matsayi), mai kiransa sai ya riƙa rubuta r[0] da r[2], inda r shi ne sakamakon, wanda zai karanta daga baya kuma ya rasa wanne ne wanne. Wannan ciwon kan ne namedtuple ya zo magancewa, yana cikin modul ɗin collections tun Python 2.6. Na yi aiki da shi sosai, kuma a nan dai ya biya ni.

Bayan ka shigo da namedtuple daga collections, layi biyu sun isa, na biyun a cikin fankshin auna(a) mai karɓar jerin lambobi:

Awo = namedtuple("Awo", ["karami", "babba", "matsakaici"])
return Awo(min(a), max(a), sum(a) / len(a))

Daga nan r.babba kawai za ka rubuta. Abin da na fi yaba masa shi ne tsohuwar hanyar warwarewa, x, y, z = auna(a), tana nan daram. Kana iya gyara tsohon fankshin ba tare da ka taɓa ko ɗaya daga masu kiransa ba. Nauyinsa a memori ma bai wuce na tuple ba.

Sai dai wannan gadon da ya ci daga tuple shi ne kuma tushen matsalolinsa. Ka miƙa shi ga json.dumps, mai mayar da bayanai rubutun JSON, sunayen su ɓace, jerin lambobi tsura za ka gani, kuma babu gargaɗin komai. Dole ka kira _asdict(), mai haɗa kowane suna da ƙimarsa, tukuna. Ranar da ka ƙara gurbi na huɗu kuwa, duk inda aka warware shi gida uku zai faɗi da ValueError, domin warwarewa da matsayi take aiki, ba ruwanta da suna. Wanda ya fi damuna shi ne kwatanci: Awo(1, 9, 5) == (1, 9, 5) True zai ba ka, haka ma idan ka kwatanta shi da wani namedtuple daban mai ƙimomi iri ɗaya, ko da ma'anarsu ta sha bamban.

Ba a sauya ƙimar gurbi bayan an gina shi, r.babba = 10 AttributeError ne; _replace() sabo yake ƙirƙira maka. Ni wannan ban ɗauke shi aibi ba.

A sabon aiki na fi son typing.NamedTuple, wanda tun 3.6 ake rubuta shi da class, kowane gurbi da nau'insa. Idan kuma gurabe sun haura biyar, ko na san za su ƙaru gaba, dataclass da ya zo a 3.7 nake ɗauka.