Madaba'ar da ta buga mana ɗan littafinmu a Yamai

Mu mata ne masu aiki a ɗakunan karatu na Yamai, kuma mun daɗe muna jera rubutun wasu a kan kanta alhali babu namu a ciki. Bara muka tara abin da kowace ta rubuta game da aikinta, da Hausa da Faransanci, muka kai shi wata ƙaramar madaba'a da ke kusa da kasuwar Wadata, wadda wata Hajiya ke tafiyarwa. Wadda ta kawo shawarar, wata yayarmu ce da ta yi karatu a EBAD, makarantar horar da ma'aikatan ɗakin karatu ta Dakar. Ita ce ta ba mu labarin takwarorinmu baƙaƙen fata na Amurka, waɗanda ba su da yawa a wannan sana'a, har suka kafa wa kansu dandalin haɗuwa da na wallafa. Ta kuma tuna mana cewa sai a 2016 mace ta farko, Carla Hayden, ta shugabanci ɗakin karatun majalisar dokokin ƙasar.

Abin da ya fi burge ni a wannan madaba'a shi ne yadda aka kula da haruffanmu masu lanƙwasa. A gwajin farko, duk inda ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ ya kamata ya fito sai muka ga ɗan akwati babu komai a ciki, kuma na san wuraren da za a ce mana mu haƙura mu sa k da d, tunda mai karatu zai gane. Hajiya ba ta yarda da haka ba. Ta sa yaron da ke kan kwamfuta ya sauya samfurin rubutun, sannan ta zauna da jan biro tana bin shafi ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan wata jimla ta ce, “Malama, ai kafa ɗakin karatu daban, ƙafa daban.” Wanda ya taɓa ganin an ɓata masa ma'ana a takarda ya san darajar wannan.

Bayan haka ta ba mu rumfar bayan shagon kowace Asabar da la'asar domin mu yi gyara tare, ba ta karɓi ko dala ba. A nan ne wata ƙanwarmu, wadda ba ta taɓa magana a taro ba, ta karanta mana yadda take kare littattafai daga gara da ƙurar hunturu a makarantar da ba ta da kabad ko ɗaya. Zaman ya tuna mini da Ƴan Taru na Nana Asma'u, inda malamai mata da ake kira jaji ke ɗaukar ilimi daga hannun mace su kai wa mata a ƙauyuka.

Aikin bai rasa aibu ba. An yi mana alkawarin mako biyu, muka shafe fiye da wata guda, wani ɓangare saboda ɗaukewar wuta, wani kuma saboda an fifita katunan biki a kanmu. Gam ɗin bangon ma bai jure zafin watan Afirilu ba, domin kwafin da ya fi yawo a hannun ɗalibai ya fara zubar da shafuka. Duk wadda za ta kai aiki can, ta nemi a ɗinke mata da zare ko da kuɗin zai ƙaru, ta kuma sa a rubuta ranar karɓa a kan rasit. Mu dai can za mu mayar da fitowa ta biyu, wadda muke fata ƴan'uwanmu na Tawa za su sa hannu a cikinta.