Mai Kafin Wanki Ko Mai Bayan Wanki: Na Indiyawa Da Namu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki ta shekaranjiya. Kin ce kin ga matan Indiya suna jiƙa kansu da mai tun kafin su sa shamfu, alhali mu mun tashi mun tarar sai an wanke kai ya tsane sannan ake shafa mai. Kina son sanin wanne ya fi, kuma ko ba asara ba ce a shafa mai sannan a bi shi da kumfa a wanke. Amsoshin da aka ba ki sun rabu biyu, masu cewa sirrin gashin Indiyawa ke nan da masu cewa ɓarnar kuɗi ce. Ni na daɗe ina yin duka biyun, a kaina da kan 'ya'yana mata, kuma abin da na fahimta shi ne man kafin wanki da man bayan wanki ba aiki ɗaya suke yi ba.

Su can abin suna kiransa champi. In kika ga yadda ake yinsa a gida sai ki rantse kitso za a yi: uwa ko kaka tana zaune a kan kujera, yarinya tana ƙasa tsakanin ƙafafunta. A ɗan ɗumama mai, a riƙa tsaga gashin ana ɗiga shi a fatar kai, ana murzawa da kan yatsu, sannan a bi tsawon gashin har ƙarshensa. Wasu su bar shi awa ɗaya ko biyu, wasu su kwana da shi, da safe a wanke. Man da ake sawa ya danganta da yanki. A kudu, irin su Kerala da Tamil Nadu, man kwakwa ne da man riɗi. A arewa da gabas, Punjab da Bengal da maƙwabtansu, man khardal, wato mustard, ya fi yawa, mai yaji da ƙarfin wari. Sau da yawa sukan dafa man da wasu abubuwa a ciki: amla, wani ɗan itace kore mai tsami da bai kai lemon tsami girma ba, ko hulba, ko ganyen kori, ko wani tsiro da suke kira bhringraj. Al'adar ba ta jiya ba ce, domin tsohon littafin maganinsu na Charaka ya yi maganar shafa man riɗi a ka. Mutanen Tamil har ranaku suka ware wa wankan mai, maza Asabar, mata Talata da Juma'a, kuma da asubahin ranar bikin Diwali da shi suke fara sallarsu.

Wani abin dariya, ita kanta kalmar shamfu daga nan ta fito. A harshen Hindi champo na nufin matsa, ko yi tausa. Wani ɗan garin Patna mai suna Sake Dean Mahomed ya buɗe gidan wankan tururi da tausa a garin Brighton na Ingila wajen shekarar 1815, har ya zama mai yi wa sarakunan Ingila biyu tausa, George na huɗu da William na huɗu. A hankali ma'anar ta zame daga tausar ta koma kan sabulun. To kin ga sunan ma na man ne da tausa tun asali, sabulu daga baya ya gaje shi.

Namu kuwa kin san shi. A yi tsifa, a taje, a wanke da sabulun salo ko shamfu, wasu su sa karkashi don laushi. In ya tsane a ɗauko man kitso, ko man shanu, ko man kaɗanya, ko basilin, makitsiya tana tsagawa tana dangwalawa. Daga nan man ya zauna a kai sai tsifa ta gaba, ana ƙara masa a layin kitso duk bayan kwana biyu ko uku. Man karkar da garin chebe da muka koya daga matan Chadi su ma a wannan layin suke, ana shafa su a tsawon gashi a bar su a ciki.

To me man kafin wanki yake yi, tunda wanke shi za a yi? Silin gashi yana shan ruwa, har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa. In ya sha sai ya kumbura, ɓawon da ke lulluɓe da shi, wanda yake jere kamar ɓawon kifi, ya ɗaɗɗaga. In ya bushe ya koma ya tsuke. Ki tuna ƙyauren katako, yadda yake kumbura da damina har ya ƙi rufuwa, da rani kuma ya motse ya bar kafa. Shekara da shekaru a haka sai ya tsattsage. Haka gashi yake, kuma lokacin da ya fi rauni shi ne lokacin da yake jiƙe, wanda daidai shi ne lokacin da muke cuɗa shi da sabulu muna jansa da mataji. Man da ya riga ruwa shiga yana rage yawan ruwan da gashin zai sha, yana rage kaifin sabulu, yana sa sili ya zame a kan sili maimakon su sarƙe. Kamar man da kike shafa wa tanda ne kafin ki zuba ƙullun waina. Ba wanda zai ce asara ce don ba a ga man a faranti ba.

Sai dai ba kowane mai ne yake shiga cikin sili ba. A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu a Mumbai, Rele da Mohile, sun gwada mai uku: man kwakwa, man sanfulawa, da farin man da ake tacewa daga fetur, ɗan'uwan basilin. Suka tarar man kwakwa ne kaɗai ya rage zubewar furotin daga gashi, ko an sa shi kafin wanki ko bayansa. Dalili kuwa kusan rabin man kwakwa wani sinadari ne mai suna lauric, ƙarami kuma miƙaƙƙe, yana iya kutsawa ciki. Sauran biyun a waje suke tsayawa. Amma fa masu binciken ma'aikatan kamfanin Marico ne, masu yin man kwakwar Parachute, kuma mai talla ba ya kushe tallarsa. Duk da haka bayaninsu ya dace da abin da hannuna yake ji ranar wanki, shi ya sa na yarda da shi.

A nan ne nake ja wa masu sayen kwalaben man amla kunne. Ki juya kwalbar ki karanta abin da aka haɗa. Da yawa daga cikinsu in kika ga an fara da paraffinum liquidum, to wannan farin man fetur ɗin ne, an ƙara masa launi da ƙamshi da ɗan amla. Zai sa sheƙi, zai sa santsi, amma ba shi ne man da kakar Ba'indiya take dafawa a kicin ba.

Man bayan wanki kuma murfi ne. Mai ba ya ba gashi ruwa, sai dai ya tsare wanda ke ciki kada ya gudu. Shi ya sa wadda take shafa mai a busasshen kai kullum take mamakin yadda gashinta ke ƙyalli amma yana karyewa kamar karan dawa. In kuwa aka shafa shi gashi na da ɗan danshi, sai ya riƙe laushinsa kwanaki. A wannan aikin man kaɗanya da basilin, da ba su shiga ciki, su ne gwanaye.

Yanzu ki ajiye Ba'indiya da Bahaushiya kusa da juna. Gashin yawancin Indiyawa miƙaƙƙe ne ko mai ɗan lanƙwasa, silinsa zagayayye mai kauri. Maiƙon da fatar kai take fitarwa yana gangarowa a kansa ba wani shinge, kwana biyu ya yi nauyi ya manne. Don haka da yawansu sau biyu ko uku suke wanke kai a mako, kuma in ta sa mai mai nauyi bayan wanki gashin kwanciya zai yi kamar an jiƙa shi. Mai yawan wanki ita ta fi bukatar garkuwa daga wanki, shi ya sa nata man yake zuwa kafin sabulu. Namu silin a ɗan baje yake, yana murɗewa, kuma kowace murɗa wuri ne da zai iya tsinkewa. Maiƙon fatar kai ba ya iya bin wannan karkatacciyar hanya zuwa ƙarshe, sai ki ga gindi da maiƙo, baki kuwa a bushe ƙamas. Mu kuma sai mu yi mako biyu, uku, wata ma wata guda ba mu sa sabulu ba. Matsalarmu ta kullum bushewa ce, musamman da hunturu. Wadda ta bar man bayan wanki wai don ta koma tsarin Indiyawa ta ajiye abin da ta fi bukata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Amma akwai rana ɗaya da dabararsu ta fi amfanar mu fiye da su kansu, ita ce ranar tsifa. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum. Ba'indiya tana taje nata kowace safiya ya faɗi. Namu a cikin kitso yake maƙalewa. In kitso ya yi mako uku, sili sama da dubu ne suka riga suka tsinke daga gindi suna jira a cikin kanki, ga ƙura, ga tsohon mai da ya daskare a gindin kowace kalba. Ki sheƙa wa wannan ruwa da sabulu ba ki warware shi ba, sai ya cukurkuɗe ya zama dunƙule, ƙarshenta sai almakashi. Ta faru da babbar 'yata sau ɗaya a wani salun, muka dawo gida tana kuka ni ina haɗiye nawa. Tun daga ranar ba a sa wa kanta ruwa sai mai ya riga shiga. Masu sa rilaksa ko rini su ma wannan dabara ta fi yi musu rana, domin sinadarin ya riga ya raunana ɓawon gashinsu, ruwa yana shiga da sauri.

Inda nake rabuwa da Indiyawa, da kuma iyayenmu ma, shi ne batun cika fatar kai da mai. Akwai wata ƙwayar halitta dangin yis mai suna Malassezia da take zaune a fatar kan kowa, kuma maiƙo ne abincinta. Ita ce ke da hannu a yawancin amosanin kai. Mai amosani in ta ga fari-fari yana zuba sai ta ɗauka bushewa ce ta ƙara mai, alhali ciyar da abin take yi. A nan tsarin Indiyawa ya ɗan fi namu sauƙi, don nasu man awoyi yake yi a wanke shi, namu kuwa makonni yake yi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, ga zufar bazara. Na taɓa bin layin kitsona da man kwakwa kullum har mako uku, ƙaiƙayin da na sha ba a magana, ga ƙananan ƙuraje da suka feso mini a goshi. In kina da amosani, ki tsaya a tsawon gashi kawai, fatar kuma ki nemi shamfu mai ketoconazole a kemis. In makero ne a kan yaro, wannan ba aikin mai ba ne sam, sai asibiti.

Batun tsawo kuwa, kada wani ya ruɗe ki. Gashi yana fitowa kusan santimita 1 a wata, kuma babu man da zai mayar da naki irin na 'yan fim. Yanayin sili gado ne. Abin da mai yake yi shi ne ya hana wanda ya fito karyewa, kuma ga irin gashinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda yawancinmu ba rashin fitowa ke damunmu ba. Su kansu jaruman ana yi musu ƙari. Gashin da ake aske wa masu ziyara a wurin bautar Tirupati, a jihar Andhra Pradesh, gwanjonsa ake yi, ya zagaya duniya ya zama wig.

Wani abin da ya burge ni shi ne kafin shamfun kwalba ya zo, kayan wankinsu ba su yi nisa da namu ba. Suna da shikakai, ɗan'uwan bagaruwa, ana daka kwansonsa a wanke kai da shi. Matan Kerala suna murza ganyen wani fure ɗan'uwan yakuwa da rama har ya yi yauƙi su wanke man da shi. In kika cire sunan, karkashinmu ne.

Ga yadda nake yi, in kina son gwadawa. Ina tsifa da yamma. Man kwakwa cokali biyu ya ishe ni, mai gashi da yawa ta sa uku. Da sanyi yakan daskare, domin da zarar yanayi ya yi ƙasa da digiri 24 yake yin fari ya yi tauri, sai in tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Kada ki ɗora shi a wuta kai tsaye, ki gwada a bayan hannunki tukuna. In raba gashin gida shida, in shafa daga baki zuwa gindi, in warware da yatsu kafin mataji mai manyan haƙora ya taɓa shi. Tausar fatar kai minti biyar ta isa, da kan yatsu ba da farce ba. In yi manyan kalba in sa hular leda, bayan awa ɗaya in wanke. Ba na kwana da shi, don ban ga abin da kwanan ya ƙara mini ba sai ɓata matashi. Shamfu sau ɗaya a fatar kai, in bai fita ba in ƙara kaɗan. In kika ga sai kin yi sau uku ko huɗu kafin man ya fita, to kin cika shi ne, kuma kin rushe abin da kika gina, sai ki rage a karo na gaba. Bayan nan in bi da ruwan karkashi, in matse da tsohuwar riga mai laushi, in shafa man kaɗanya ɗan kaɗan tun yana da danshi, sannan in aika a kira mai kitso.