Saƙon da asibitin unguwarmu ya turo mini a Birmingham

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tun da muka zo Birmingham, inda maigidana yake karatun digirin digirgir, tambayar da aka fi yi mini a waya ita ce ta asibiti: wai da gaske kyauta ake duba mutum? Kullum sai in ce "e, kusan haka ne" in wuce. Abin da ya same ni watan jiya ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Maganar kyauta dai da sauranta. Kafin a buga mana biza sai da muka biya kuɗin lafiya, fam 776 a kan kowane kai a shekara, mu huɗu, kuma na duk shekarun karatun a dunƙule. Wanda ya zo aiki fam 1,035 yake biya. Bayan wannan kam, ganin likita da gwajin jini da awon ciki ba a karɓar ko kwabo. A nan Ingila babba yana biyan fam 9.90 a kan kowane irin magani da aka rubuta masa, amma ban da yara da masu ciki da wanda ya kai shekara 60.

Samun ganin likitan shi ne jidali. Kowa yana da asibitin unguwa da ya yi rajista, wanda suke kira GP, kuma in ba larurar gaggawa ba, ba ka ganin babban likita sai da takardar wannan. Ƙarfe takwas na safe ake buɗe waya, gari gaba ɗaya ya rufa a kanta. Kwana uku a jere ina kira, ina riƙe da waya ina shirya yara makaranta, wata murya tana faɗa mini yawan mutanen da ke gabana. Lokacin da za a ɗauka sai a ce gurbin yau ya ƙare, ki kira gobe.

Rana ta huɗu na sa hijabina na tafi da ƙafata. Ɗakin jira a cike, har da wasu dattawa biyu da ke sallah a masallaci ɗaya da maigidana. Matar da ke teburin karɓar mutane, tana bayan gilashi, ta ce sai na faɗa mata abin da ke damuna kafin ta san inda za ta sa ni. Larura ce ta mata. Na rage murya na faɗa, ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa. Sai ta maimaita maganata da ƙarfi tana buga kwamfuta, kowa yana ji. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na ce likita mace nake so, ta ba ni rana bayan kwana goma sha tara.

A tashar bas na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Na tuna gida, inda ko malamar asibiti mai faɗa ce, in ta ga fuskarki ta san maganar ta mata ce, za ta ce "matso nan, 'yar uwa" ta ja labule. Na tuna cewa da a Kano ne, Yayana zai kira wani abokinsa, kafin azahar an gan ni. Sai daga baya, da zuciyata ta yi sanyi, na tambayi kaina: wannan kiran wayar da nake kewa, wace ce take zaune a benci tun asuba da goyo ake tsallakewa dominsa?

Ranar da na ga likitar ban da abin cewa. Minti goma ne kacal, kuma matsala ɗaya ake kawowa, in kina da ta biyu sai ki sake neman wata rana. Amma a cikin minti goman nan ta dube ni ido da ido, ta nemi izinina kafin ta taɓa ni, ta bayyana abin da take zato da dalilin gwajin da za a yi. Sakamako ya nuna ƙarancin jini, aka rubuta mini ƙwayoyi. Da na faɗa wa Hajiyarmu a waya cewa ta yi, "Ko allura ba su yi miki ba? Ba ƙarin ruwa? To me suka yi miki, 'yar nan?"

Da yamma saƙo ya shigo wayata daga asibitin: yaya kika ga hidimar da aka yi miki? Aka jero zaɓi tun daga "ta yi kyau ƙwarai" har "ba ta yi kyau ba ko kaɗan", da gurbin rubuta dalili. Na daɗe ina kallon saƙon nan. Shekarata talatin da ɗoriya ina zuwa asibiti, na haihu biyu, ban taɓa jin wani ya tambaye ni yadda na ji da abin da aka yi mini ba.

Na yaba wa likitar, na rubuta abin da aka yi mini a tebur ba tare da na rage komai ba. Maigidana hankalinsa bai kwanta ba. "Ke dai ki yi haƙuri," in ji shi, "baƙi ne mu, kada su sa mana ido, gobe a kai yara su ƙi kula su." Tsoron da muka taso da shi ke nan. Maƙwabciyata 'yar Somaliya, wadda ta fi shekara ashirin a nan, ita ta ce saƙon waya bai isa ba, in rubuta wa manajan asibitin takarda, doka ta ɗora musu su sanar da ni sun karɓa cikin kwana uku na aiki. Haka kuwa aka yi. Bayan mako biyu manajan ta kira ni da kanta ta ba ni haƙuri. Da na koma, na tarar an liƙa takarda a jikin gilashin cewa duk mai son faɗin larurarsa a keɓe ya nemi a shiga da shi ɗaki, ko ya rubuta a takarda. Matar tana nan a kujerarta, ba a kore ta ba, ni ma ba haka na so ba. Yarana kuma ana duba su kamar da.

Daga nan na gano ashe abin tsari ne babba. Duk shekara hukumar lafiya ta NHS tana aika wa marasa lafiya tambayoyi, a fitar da sakamakon kowane asibitin unguwa a intanet, kowa ya gani. Akwai kuma hukumar CQC mai zagayen duba asibitoci, tana ba su maki hawa huɗu, kuma dole su nuna makin inda jama'a za su gani. In naku bai yi miki ba, kina iya komawa wani da ke karɓar mutanen yankinku ba tare da kin roƙi kowa ba.

Kada ku ɗauka adalcin ya cika. Gaskiya ne a ɗakin jira sunanka ne zai fito a allo, babbar riga ba ta shigar da kowa. Amma a unguwannin talakawa irin su Small Heath da Alum Rock da Sparkbrook ciwo ya fi yawa, neman likita ya fi tsanani, kuma tun 1971 wani likitan Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta cewa inda aka fi buƙatar kulawa nan ta fi ƙaranci. Mai shara da ke bakin aiki ƙarfe takwas ba ta da halin riƙe waya minti arba'in. Tafinta kyauta ne, amma sai wanda ya san ana nema. Tsohuwar da ba ta karanta Turanci ba za ta amsa saƙon da na amsa ba, don haka kukanta ba ya shiga lissafi. Mai kuɗi kuwa asibitin kuɗi yake tafiya.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu. A asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu a Kano akwai akwatin ƙorafi, na san shi tun ina budurwa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. A daka wa mace tsawa a layin awo, ta dawo gida ta ce "Allah ya isa", gobe ta koma ta durƙusa ta gaishe da wadda ta zage ta, don mun ɗauka taimakonmu ake yi. Alhali tun 2014 dokar lafiya ta Najeriya ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Mu ma muna da namu laifin: in ba a yi mana allura ba sai mu ce likita bai iya ba mu wuce kemis, kuma ba ma ƙin sanayya sai ranar da aka yi ta a kanmu. Ma'aikatan ma ban ɗora musu duka ba. Wadda ta ɗebi jinina a nan 'yar Najeriya ce, a gida ta yi karatu, kuma hannunta kamar auduga. Ta ce mini a can ita kaɗai take kwana da ɗaki guda, wani lokaci da fitilar waya.

Ranar Talata ƙanwata za ta kai Hajiya awon hawan jini. Na ce ta rubuta lokacin da suka isa, da lokacin da aka gan su, ko an sami magani a asibitin ko an tura su waje, da mutum nawa aka shigar ta bayan layi, ta kai wa mai unguwa tunda yana cikin kwamitin asibitin. Ta ce, "Yaya, wa zai karanta?" Na ce ta dai rubuta, ta turo mini hoton takardar kafin ta kai. Ni kuma nan da wata uku za a sake gwada jinina, zan koma riƙon waya ƙarfe takwas.